Kotu za ta bi ferefe ne ko za ta bi jama'a?

Ɗan Autan Inna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan. Wata goma sha ɗaya ke nan muna zarya a kotu kan gidan Baba, Allah ya jiƙansa. Mu magada ba mu da rigima a tsakaninmu. Wani ne ya fito da takarda wai Baba ya jinginar masa da gidan kafin ya rasu.

Shekaranjiya na ɗauko Inna daga ƙauye, karo na biyar. Babur ya kai mu bakin titi, muka zauna jiran mota ta cika har rana ta take, muka kwana a zauren wani ɗan'uwa. Jiya ƙarfe bakwai muna ƙofar kotu. Na duba takardar da suka liƙa a bango, na bi da yatsa, mu ne na 64. Inna ba ta iya zaman benci saboda gwiwa, sai na shimfiɗa mata ɗankwali a gindin darbejiya kusa da mai shayi. Sai bayan la'asar aka kira mu. Wallahi alƙali bai ɗago kai ba, ya faɗi wata magana, tafinta ya juyo ya ce mana an ɗage sai wata mai zuwa, lauyan wancan bai samu zuwa daga birni ba. Tsayuwarmu ba ta kai minti biyu ba. Jaka goma sha takwas na kashe a tafiyar nan. A mota Inna ta ce da ni, "Auta, a bar masa gidan nan mu huta."

Tambayata ga masana: wane ne yake raba kotunan nan a ƙasarmu Kamaru? Da me ake aunawa a ce nan a sa kotu, can kuma a'a?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumussalam. Allah sarki Inna. Auta kada ka yarda ta bar masa, abin da yake jira ke nan.

Baba Direba:
Irinku nake ɗauka duk sati. Daga ganin mutum da ledar takardu ya rungume a ƙirji kamar jariri ka san kotu za shi. In za a dawo kuma ba ya magana a mota.

Tsohon Magatakarda:
Ɗana, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ka ladan uwa. Na yi aikin nan har na yi furfura a cikinsa, bari in ba ka amsa a kan abin da na sani.

Tsarin kotunan Kamaru yana cikin dokar 29 ga Disamba 2006, wadda aka yi wa gyara a 2011. A takarda abin gwanin kyau. Duk inda suferefe yake, wato ƙaramin yankin mulki da ke ƙarƙashin gunduma, a yi ƙaramar kotu, wadda muke cewa TPI. Duk inda ferefe yake, wato gunduma, a yi babbar kotu, TGI. Kowace jiha da kotun ɗaukaka ƙara guda, Kotun Ƙoli kuma tana Yawunde. Ƙaramar tana duba ƙananan laifuka da rigimar kuɗin da bai wuce sefa miliyan 10 ba. Manyan laifuka, kuɗin da ya haura miliyan 10, da zancen aure, saki, gado da nasaba, na babbar ne.

To sai dai dokar ta bar wata ƙofa: an yarda a haɗa wa kotu guda ƙasar suferefe da yawa idan buƙatar aiki ta sa. Ta ƙofar nan aka shigo da mu. Ƙasar nan tana da yankunan suferefe 360, kotunan da aka buɗe ba su yi kusa da haka ba. A yawancin gundumomin arewa ƙaramar kotu da babbar gini ɗaya ne a hedkwata, shugaba ɗaya, alƙalan su ne dai. Yau mutum ya zauna da sunan ƙaramar kotu, jibi ya zauna da sunan babbar. Saboda haka amsarka a taƙaice: ba jama'a aka ƙirga ba, ba yawan ƙararraki aka ƙirga ba. Taswirar mulki aka ɗauko aka ɗora kotu a kai.

Ɗan Autan Inna:
Na gode Baba. Ashe kotun da ya kamata a ce tana garinmu tana nan a cikin littafi.

Ɗalibar Shari'a:
Baba Magatakarda ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Tunda babbar kotu gunduma take bi, sai mu duba yadda aka raba gundumomin 58. A ƙidayar 2005 jihar Arewa Mai Nisa ta fi kowace jiha mutane, miliyan 3.1, ta ɗan ɗara jihar Tsakiya inda Yawunde take. Amma Tsakiya gundumominta 10, tamu 6: Marwa, Kusiri, Yagwa, Kayele, Mora, Mokolo. Ku dubi jihar Arewa da ta Yamma kuma. Kusan kai ɗaya suke, kowace wajen miliyan 1.7. Yamma tana da 8, Arewa tana da 4: Garwa, Gidar, Poli, Colire. Ga faɗin ƙasa, Arewa ta ninka Yamma fiye da sau huɗu. Gundumar Mayo-Rai ita kaɗai ta fi jihar Arewa Mai Nisa ɗungurungum girma, kuma babbar kotu guda doka ta ba ta. Wannan ba zancen ɓangaranci ba ne, lissafi ne.

Alhaji Na Duwala:
'Yata, lissafinki daidai ne amma ba kai ake kai wa kotu ba, ƙara ake kaiwa. Shekara ashirin ina kasuwanci a Duwala. Ku zo ku ga kotunan nan. Bankuna, tashar jiragen ruwa, kamfanoni, rigimar haya, rigimar ma'aikata, kowa da lauyansa. Duwala gaba ɗaya gunduma ɗaya ce, Yawunde ma haka, kowace da mutane kusan miliyan biyu tun a waccan ƙidayar, babbar kotu guda guda. Har sai da aka rarraba ƙananan, aka yi Bonanjo da Ndokoti a nan, can kuma aka yi ta tsakiyar gari da ta Ekunu, kuma har yau cike suke. Alƙali ɗaya a nan yana iya riƙe fayil fiye da na gunduma sukutum a wajenmu. In an ce a raba da adalci, a bi yawan fayil. Inda aiki yake nan za a kai ma'aikaci.

Ɗalibar Shari'a:
Baba Alhaji, da girmamawa, fayil ɗin da za a ƙirga na wanda ya iso kotu ne. Inna da ta ce a bar masa gidan, in ta bari, a wane littafi za a rubuta ta? Mutumin da aka cinye masa gona ya auna kuɗin mota ya ga ya fi amfanin gonar, ya ce na bar shi da Allah, shi fa? Nisa ne ke rage ƙararrakinmu, sannan a dawo a ce ƙararrakinmu ba su da yawa, ba ma buƙatar kotu. Kamar a rufe rijiya ne a ce mutanen garin ba sa jin ƙishi tunda ba a ga kowa da guga ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Yarinyar nan Allah ya yi miki albarka.

Alhaji Na Duwala:
Na ji. Amma gwamnati ba za ta ajiye alƙali da albashi da gida a garin da zai duba ƙara biyar a wata ba.

Ɗan Kusiri:
Alhaji, ku bar zancen kai da fayil, ku zo mu yi zancen hanya. Ni a Kusiri nake. Daga bakin kogi ina hango fitilun Njamena, in na hau babur na ƙetare gadar Ngeli na shiga babban birnin wata ƙasa kafin shayi ya huce. Amma in aka yanke min hukunci na ɗaukaka ƙara, Marwa zan je, kimanin kilomita 260, ta Dabanga da Waza da Mora. Wanda ya san hanyar nan ya san ba kilomita ake ƙirgawa ba. Ni ke nan da nake hedkwata. Gundumarmu ta Logon-da-Shari yankunan suferefe goma gare ta. Mutumin Darak ko Bilanguwa ko Hile-Alifa can bakin tafki, da damina kafin ya iso inda nake ma ya sha kwalekwale da babur da laka. Ambaliyar 2024 kowa ya ga yadda garuruwa suka yanke. Sammaci bai san damina ba, ranar da aka rubuta ita ce ranar.

Baba Direba:
Gaskiya ne. Hanyar Mora zuwa Kusiri ta ci min sifirin ba adadi.

Tsohon Magatakarda:
Ɗan Kusiri, ƙaramin gyara don kada wani ya karanta ya yi asara. A shari'ar laifi, shigar da ɗaukaka ƙara ba sai ka je Marwa ba. A ofishin magatakardan kotun da ta yanke hukuncin ake yi, kuma kwana goma kacal gare ka. Sauraron ne ake yi a can. Na ga mutane da yawa sun tafi neman kuɗin mota har kwana goman ya wuce.

Zancen Alhaji da 'yarmu kuwa, kowa ya riƙe gefe ɗaya na tabarma. Fayil ma ba ɗaya ba ne. Akwai wanda za ka gama a zama guda, kamar hukuncin maye gurbin takardar haihuwa ga yaron da ba a yi masa rajista a kan lokaci ba. Akwai fayil ɗin rikicin ƙauye biyu, shaidu talatin, wannan da Fulatanci, wancan da Larabcin Shuwa, wani da Musgum ko Mafa, duka sai an juya zuwa Faransanci an rubuta da hannu. Shaida ɗaya ta bakin tafinta tana cin lokacin shaidu uku. A inda na taɓa aiki, ba zan faɗi wurin ba, rijistar zama da hannu nake rubuta ta, fayiloli a ɗaure da igiya a ƙasa saboda kabad ya cika, gara ta ci na ƙasan. Hukunci ya fito daga bakin alƙali yau, amma kafin a buga shi a sa hannu a ba mai shi sai a yi watanni, don injin bugawa ɗaya ne, wuta kuma sai ta ga dama. In ka ƙara alƙali ba ka ƙara magatakarda ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Malam Na Zaure:
Ni abin da ke ba ni mamaki, me ya kai Musulmi kotun nasara kan gado? Ga lamiɗo, ga alƙalin fada, ga lawan, ga jauro. Kakanninmu a nan suke gama komai kafin azahar, ba lauya ba tafinta ba kuɗin tambari. Dokar sarautu ta 1977 ma ta yarda sarakuna su yi sulhu tsakanin talakawansu. Da kowa ya tsaya a fada da kotunan ba su cika ba.

Ɗan Autan Inna:
Allah gafarta Malam, mun je. An raba gado lafiya a gaban liman. Mai takardar ne ya ce shi bai yarda da fada ba, shi ya kai mu.

Uwar Marayu:
Malam, a yi mana adalci. Fada tana da sauri, ban musa ba. Amma idan wanda kake ƙara shi ne mai kai wa fada buhun gero duk kaka fa? Lokacin da maigidana ya rasu ƙannensa suka sa hannu a kan shanu, a zauren da aka kai maganar ko zama ba a ce in yi ba, daga bayan ƙofa aka tambaye ni. Kuma takardar fada banki ba ya karɓa, asusun fansho ba ya karɓa, sai hukuncin kotu mai nuna su wane ne magada. Ko ka so ko ka ƙi sai ka hau motar nan.

Malam Na Zaure:
Wannan laifin mutane ne, ba na shari'ar Allah ba.

Uwar Marayu:
Ai mutanen ne ke zaune a zauren, Malam.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a tsaya kan batun kotu. Wanda ya turo hoton tallan maganin basir na goge, kada a sake.

Tsohon Magatakarda:
Tsakanin fada da babbar kotu akwai wani mataki da mutane ke mantawa. Dokar 1969 ta tsara kotunan al'ada a wannan ɓangare na ƙasa mai amfani da Faransanci. Wadda ake cewa kotun mataki na farko tana duba aure, saki, gado, shugabanta yana zama da dattawa biyu masu sanin al'adar masu shari'a, ga Musulmi kuma sukan zama malamai. Ba ta da tsada. Lagonta ɗaya: sai duka ɓangarorin sun yarda. Wanda ake ƙara in ya ce tun farko bai amince ba, magana ta koma kotun zamani. Mai kuɗi ya san wannan sarai. Yakan zaɓi kotun da ta fi nisa da tsada don ya gajiyar da kai. Rikicin manomi da makiyayi ma tun 1978 kwamitin suferefe aka ba wa, ba kotu ba, sai in an zub da jini ko an kashe dabba. Da waɗannan ƙananan matakai suna aiki yadda ya kamata, da takardar bangon da Auta ya gani ba ta kai 64 ba.

Na Mubi:
Ni maƙwabcinku ne daga Najeriya, ina bin zancen. Mu a nan kowace jiha da babbar kotunta da babban alƙalinta, ana raba jihar shiyya shiyya, ga kotunan majistare da na yanki a ƙananan hukumomi. In mutanen wani gari suna son kotu, majalisar jiha da gwamna za su matsa wa. Ku ba ku da majalisun jiha ne? Ban ce namu ba ya ɗage shari'a ba fa, kada ku yi mana dariya.

Ɗalibar Shari'a:
Yaya, muna da su, an fara zaɓensu ranar 6 ga Disamba 2020, amma shari'a ba ta cikin abin da aka sakar musu. A nan gwamna ma naɗa shi ake yi. Buɗe kotu sai da dokar shugaban ƙasa. Tura alƙalai kuma sai Majalisar Ƙoli ta Alƙalai ta zauna, shugaban ƙasa ne ke jagorantarta. Ta zauna a watan Agustan 2020, daga nan aka shafe shekaru ba zama. Ka ga a tsakanin nan wani ya yi ritaya, wani ya rasu, ɗaliban da suka gama ENAM, makarantar horar da alƙalai, suna zaune suna jira, kujera kuma ba kowa. Aikin wanda ya tafi a kan na kusa da shi yake faɗawa.

Alhaji Na Duwala:
To kun gani. Ko an tsaga muku gundumomi ashirin, wa zai zauna a ciki? Allo ne za a kafa a bakin hanya.

Ɗan Kusiri:
Alhaji ai an tsaga wa wasu. Gundumar Mifi ta jihar Yamma ɗaya ce a da, a shekarun 1990 aka mai da ita uku, kuma daga Bafusam zuwa Banjun tafiyar 'yan mintoci ce. Mu tun da aka raba tsohuwar Arewa gida uku a 1983 muke jiran a dube mu.

Alhaji Na Duwala:
Wannan siyasa ce, ni ba na ciki.

Ma'aikacin Agaji:
Akwai waɗanda ba a ambata ba, su ne ba sa iya rubutu a zauren nan: na tsare. Auta yana asarar jaka goma sha takwas, wani yana asarar shekara. Dokar shari'ar laifuka da ta fara aiki a 2007 ta ce tsarewar jiran bincike wata shida ce, ana iya ƙarawa, amma ba ta wuce wata 12 a matsakaicin laifi, wata 18 a babba. Je ka tambayi iyalan da ke kai abinci gidan yari ka ji ko haka abin yake. Tun da aka yi dokar ta'addanci a Disamban 2014 shari'un Boko Haram kotun soja suke zuwa, ita kuma guda ce a jiha. Mutumin da aka kamo daga Fotokol ko Kolofata Marwa za a kawo shi, shaidunsa suna can ko sun yi gudun hijira. Amnesty ta ruwaito a 2016 cewa gidan yarin Marwa da aka gina don mutum 350 yana ɗauke da fiye da dubu. Duk wanda zai auna nauyin kotunan arewa bai sa wannan a sikeli ba, bai auna komai ba.

Tsohon Magatakarda:
Haka ne. Kuma wanda wa'adin tsarewarsa ya wuce, danginsa na iya rubuta wa shugaban babbar kotu su nemi a sake shi nan take, doka ta ba da wannan. Ba kowa ya sani ba.

Ni in da za a tambaye ni, ba zan fara da sabon gini ba. Dokar 2006 ɗin nan ta yarda kotu ta tashi ta je ta zauna a wani gari, kotun tafi-da-gidanka. Na yi irin wannan fita. Muka ɗora rijista da tambari a bayan mota, aka ba mu ajin makaranta ranar kasuwa, kafin magariba mun gama abin da zai ɗauki mutanen nan wata shida suna zarya. Mutum huɗu suka yi tafiya maimakon ɗari. Abin da ya kashe ta kuɗin mai. Shekarar da aka ba da, a fita; shekarar da ba a ba da ba, shiru. Yanzu sai wata ƙungiya ta ɗauki nauyi don takardun haihuwar 'yan makaranta kake ganinta. Da za a sa wa kowace kotu ranakun fita a rubuce, wata kaza garin kaza, da rani kafin hanya ta yanke, da Inna a garinsu za a saurare ta.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba ai kuɗin man ne ba za a ga ƙurarsa ba.

Uwar Marayu:
Ko waya ma. Yau kowa da waya a hannu. In an san za a ɗage, me zai hana a turo saƙo tun kafin tsohuwa ta hau babur?

Tsohon Magatakarda:
'Yata, sau da yawa magatakarda ma a zaman yake jin an ɗage. Amma Auta, ga abin da za ka yi. Tambayi ko dole ne Inna ta bayyana da kanta a kowane zama. A shari'ar da ba ta laifi ba sau da yawa wakilci yana isa, in an yi shi a rubuce yadda ya dace. Sannan akwai dokar taimakon shari'a ta 2009, kowace kotu tana da kwamitin da ke duba buƙatar marasa ƙarfi. Ka nemi takardar shaidar rashin hali a ma'aikatar magajin gari ka haɗa. Ranar zama kuma ka ɗaga hannu ka ce ta bakin tafinta a rubuta cewa karo biyar kuna zuwa, wancan ɓangaren ne ba ya zuwa, kana roƙon wannan ɗagewar ta zama ta ƙarshe. Da ladabi, amma ka faɗa.

Ɗan Autan Inna:
Allah ya saka da alheri Baba, na kwafe duka a takarda. Ban taɓa sanin ana iya magana ba, na ɗauka sai an tambaye ka. Zan gwada zancen wakilcin, don ranar da suka sa ta faɗo tsakiyar Agusta, lokacin mayo, wato kogi, ya kawo, babur ba ya ƙetarewa. Baba Direba, kana bin hanyarmu ranar Lahadi? In Inna ba za ta je ba kujera ɗaya zan kama.

Baba Direba:
Ina bi in ruwa ya bari. Ka fito bakin titi kafin bakwai, kuma ka sa takardun a leda biyu.